Tsarin ƙira na Toyota da matsalar raɗa masa suna a Hausa

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce bayyana tsarin aikin masana'anta da ake kira juste-à-temps ko flux tendu a Faransanci, da kuma duba sunan da ya dace da shi a Hausa. Zaɓen sunan yana da nauyi, domin abin da shugaban kamfani ya ji a cikinsa shi zai aiwatar a kan ma'aikatansa.

Tsarin ya samo asali ne a kamfanin Toyota na Japan, wanda ya kusa durƙushewa a 1950. Kasuwar ƙasar ƙarama ce a lokacin, kuɗi kuma babu, saboda haka ba a iya bin hanyar Ford ta ƙera kaya jibgi a jira mai saye. Sai injiniya Taiichi Ohno ya juya al'amarin: sashen da ke gaba shi ke zuwa ya ɗauki abin da yake bukata daga na baya, na baya kuma ya ƙera daidai adadin da aka ɗauka. Wani kati da ake kira kanban shi ke ɗauke da wannan umurni, kuma muddin bai iso ba injin ba ya aiki.

Kalmar da ke tsakiyar tunanin Ohno ita ce muda. Ya kasa ta gida 7: ƙira fiye da bukata, jira, jigilar banza, aikin da ya wuce kima, tara kaya, motsin banza da kaya masu aibi. Hausa na da kalmomi uku da ke kusa da ita. Asara abu ce da ke afka wa mutum, sau da yawa ba da hannunsa ba. Almubazzaranci kuwa hali ne, yana ɗora laifi kan mutum guda, alhali Ohno tsarin aiki yake tuhuma. Ɓarna ta fi dacewa, amma da sauran magana: Bahaushe bai ɗauki cikakken rumbu ɓarna ba, tanadi ne. Tilas mai fassara ya ƙara da cewa a masana'anta tarin kaya kuɗi ne kwance, sa'an nan yana ɓoye aibin da ba za a gano ba sai bayan makonni.

Sunan Ingilishi, wato lean, John Krafcik ne ya fara amfani da shi a 1988, littafin Womack da Jones da Roos na 1990 ya yaɗa shi. Asalin ma'anarsa nama marar kitse. In aka fassara shi da "rage kitse", mai kamfani zai tambayi ina kitsen yake, amsa mafi sauƙi kuwa ita ce ma'aikata. Wannan ya saɓa wa tsarin. A Toyota ma'aikaci na da ikon jan igiya ya tsayar da layin haɗa mota in ya ga matsala, kuma gyaran yau da kullum da ake kira kaizen daga shawarwarinsa yake fitowa. Wanda ke tsoron kora ba zai nuna aikin da za a iya ragewa ba. A ganinmu "ƙira daidai bukata" ta fi.

Kalmar bukata tana da wani amfani kuma, tana barin kowace masana'anta ta auna nata tanadi. Toyota kanta ta tsayar da aiki na ƴan kwanaki a Fabrairun 1997 bayan gobara a masana'antar Aisin, duk da cewa masu kawo mata kaya maƙwabtanta ne. Masana'antar da ke Maradi ko Damagaram, wadda kayan gyaranta sai sun sauka a tashar jiragen ruwa ta wata ƙasa sun ƙetare iyaka, ajiyar wata biyu ma tana iya shiga cikin bukatarta.