Sarƙar Da Ta Dakushe Ita Ce Mai Cizo

Duk wanda ya bi ta Bompai ko Sharada da farkon damina ya san ƙarar nan ta injin yanka itace. Iska ta kayar da dalbejiya a kan katangar masana'anta, an kira masu inji su sassare ta. Mahaifin wani ɗalibinmu yana cikinsu, da wannan sana'a yake ciyar da gidansa. Bara ya yi wata biyu a zaune da hannu a ɗaure. Da muka je gaishe shi, ya ce mana, "Malam, laifina ne. Na ga sarƙar ta dakushe, na ce bari in gama wannan reshe tukuna."

Mutane suna tsammani sarƙa mai kaifi ita ce abin tsoro. Ba haka ba ne. Mai kaifi takan ja kanta cikin itace, tana zubar da ɓarɓashi manya manya. Wadda ta dakushe kuwa gari take fitarwa kamar dusa, mai inji ya dinga dannawa da ƙarfi har ya gaji. A nan ne bakin injin yakan taɓa reshe, ya yi tsalle ya komo kan mai shi.

Itatuwan Kano ba su da tausayin sarƙa. Ƙurar hunturu tana maƙale a ɓawonsu, ga kusoshin da masu talla suka kafa. In sarƙa ta taɓa ƙasa ko sau ɗaya, kaifin ya tafi.

Maganin kuwa magagari ne mai zagaye, wanda ya dace da girman haƙoran, gama akwai na milimita 4, da 4.8, da 5.2. A kashe injin, a kafa shi kada ya motsa. A karkata magagarin kamar digiri 30, a tura shi daga cikin haƙori zuwa waje, kada a goga sa'ad da ake komowa da shi. Kowane haƙori a yi masa shafa daidai da ɗan'uwansa, in ba haka ba yankan zai riƙa karkata gefe guda. A gaban kowane haƙori akwai ɗan tudu mai ƙayyade zurfin cizo. Shi ma akan rage shi da magagari mai faɗi, amma kaɗan, domin wanda ya cinye shi ya mai da injin mahaukacin doki.

Siffar haƙorin nan, wani mai saran itace a Amurka, Joseph Cox, ya samo ta daga kallon tsutsar da ke cin katako, ya fara ƙera sarƙar a 1947.

Abin da ya fi damunmu shi ne baƙin mai da ake jiƙa sarƙa da shi don araha. Yana cike da garin ƙarfe, yana cin sarƙar a hankali. A duba ɗaurinta kuma bayan ta huce: ta kwanta jikin ƙarfenta ba ta reto, amma hannu mai safa ya iya jan ta ba wuya.