Ƙwan LED ya ƙi kamawa? Kada ka yi saurin jefar da shi

A hutun da ya wuce na je gida Masama da tsaraba daga Birnin Kebbi: ƙwayayen LED na ƙananan fitilu, waɗanda direbobi ke kira fakin layit, da na sigina, don Golf 3 ɗin kawuna da yake jigilar fasinja da ita. Na cire tsofaffin, na sa sababbi, aka kunna. Na dama ya kama, na hagu shiru. Kawu ya dube ni ya ce, "To ɗan boko, wanga shi na karatun lantarkin? Ni dai asuba ni ka hita, kuma ba ni hita da ido guda."

Maganin bai kai minti ɗaya ba. Tsohon ƙwai zare ne a cikinsa, ko ta ina wuta ta shiga zai yi zafi ya haska. Shi kuwa LED dayod ne, ta fuska ɗaya yake barin wuta ta wuce. Na zare shi, na juya, na mayar, sai ga haske. Wasu masu tsada suna da da'irar da ke gyara wannan da kanta, amma masu araha ba su da ita. In ka juya bai kama ba, gwada shi a soket ɗin da ke aiki, sannan ka duba fiyus.

Sigina kuma sai ta riƙa ƙyaftawa da sauri kamar ana korarta. Ga dalili. Tsohon ƙwan sigina wat 21 ne, a bolt 12 yana jan amfiya 1.75 ke nan. LED ba ya jan ko rabin haka. Fulasha tana auna abin da ake ja, in ya yi ƙasa sai ta ɗauka ƙwai ya mutu, ta ƙara sauri don ta sanar da direba. 'Yan rewaya sukan haɗa rezisto mai om 6, wat 50. Yana aiki, amma zafi yake yi sosai, dole a ɗaure shi jikin ƙarfe nesa da roba, kuma ya cinye wutar da ka ce kana tattali. Ni na fi son a canza fulashar da wadda aka yi don LED. A Golf 3 tana wajen akwatin fiyus ƙarƙashin sitiyari, cirewa ce da sakawa. Sababbin motoci masu kwamfuta su ne ke nuna gargaɗi a dashbod, su sai ƙwan da aka rubuta wa CANbus.

Wadda ta ba ni wahala ita ce ta baya: Kawu na taka birki, fakin layit na gaba su ɗan haska. Wayar da ke mayar da wuta jikin mota ce ta yi tsatsa da ƙura, sai wutar ta nemi wata hanya. 'Yar wutar nan ba ta isa ta kunna tsohon ƙwai ba, shi ya sa matsalar ta daɗe a ɓoye, amma ta ishi LED. Na kankare wajen da samfefa, na ɗaure noti.

In kuwa ƙwayayen suna mutuwa bayan 'yan makonni, ɗora mita a batir injin na aiki. Ya kamata ka ga tsakanin bolt 13.5 da 14.5. In ya haura 15, altaneta za ka kai gyara. Ta Kawu ta nuna 14.1, da asuba ya fita lodi.