Lamba ma tana da gaɓa

Idan 'yan watanda a Daura suka haɗa kuɗi da jajibirin sallah, suka kamo sa a kasuwar Mai'aduwa, ba ƙato suke nema ya raba musu ba. Mahauci suke kira, don shi ya san inda gaɓa take. Ya ɗora wuƙa daidai wurin, cinya ta fita salin-alin. Ya kauce kaɗan, sai wuƙa ta ci ƙashi, kashin wani ya fi na wani, gunaguni ya tashi.

Haka lamba take, kowacce da gaɓoɓinta. Ɗauki 20,000, wato keso guda na kuɗin wuri, yadda fatake ke ƙirga shi a ƙasar Hausa kafin zuwan sulalla. A ido kam tsaf take, sifili huɗu reras. Amma ka feɗe ta, iri biyu kacal za ka tarar a ciki: 2 ta maimaitu sau biyar, 5 ta maimaitu sau huɗu. Shi ya sa mutum huɗu ko takwas ko goma za su raba keso ba tare da an ji kansu ba. Su zama uku, kowa ya ɗauki 6,666, wuri biyu su rage a tabarma. Da za a raba wa Hausa Bakwai, Daura da sauran shida, kowace ta sami 2,857, saura wuri ɗaya tilo. Wa zai ɗauka? Ai sai a bar wa uwa, in 'ya'yan sun yarda.

To ƙara mata 160 kawai, ta koma 20,160. Ba ta da kyan gani, amma mahauci zai so ta. Daga 1 har 10 babu wadda ba ta raba ta cif, ga 12, 14, 15 da 16 ma. Lambobi 84 ne ke raba ta, alhali keso 30 gare shi, kuma duk lambobin da ke ƙasa da ita babu mai 84. Irinta ne Ramanujan na Indiya ya yi dogon rubutu a kansu a 1915. Malamin da ke rabon gado ma zai huta: tumuni 2,520, sudusi 3,360, sulusi 6,720, ba guntu ba ragowa.

Ni dai abin da ke ba ni dariya shi ne miliyan, wadda kowa ke cika baki da ita. Ita ma 2 da 5 ne cikinta, sau shida-shida, masu raba ta 49 kawai. Magada uku ma sun ishe ta rigima.

Akwai kuma masu taurin kai irin 20,011, wadda ƙashi ce zalla. Ko dai mutum ɗaya ya kwashe duka, ko a tara mutum 20,011 kowa ya tafi da wuri ɗaya.