Tabarau Ya Yawaita, Gwajin Ido Bai Ƙaru Ba: Halin da Mutanen Andarai Ke Ciki

A da, tabarau kayan 'yan boko ne da manyan ma'aikata. Yanzu a Andarai da Maiyama da Jega da Aliero a jihar Kebbi za ka gan shi a fuskar tela da malamin allo da dillalin albasa. Abin da bai ƙaru ba shi ne yawan waɗanda aka auna musu ido kafin su sa shi. Akasari a kasuwa ake saye, a kan tire ko shimfiɗar mai koli. Mai saye ya ɗauki wannan ya dubi rubutun wayarsa, ya ajiye ya ɗauki wancan, har mai kaya ya ce, "Baba, wannan ne daidai da kai." A yi ciniki, a rabu.

Dalilin farko na jiki ne. Da mutum ya haura shekara 40, ƙwayar ido kan fara taurin da ke hana ta kama abu na kusa. Zare ya ƙi shiga allura, wasulan Alƙur'ani su riƙa haɗewa, mutum ya dinga nesanta takarda da fuskarsa. Wannan ba sabon abu ba ne. Sabon shi ne waya. Manomin da a da ba ruwansa da ƙananan rubutu, yau sai ya karanta lambar asusu da saƙon shigar kuɗi, kuma kuskuren lamba ɗaya asara ce. Ga kuma tabarau mai araha da ake shigowa da shi daga waje. Buƙata ta haɗu da sauƙi.

Dalili na biyu, wanda ke hana gwaji, nisa ne. Mutumin Andarai da ke son cikakken gwaji yakan kama hanyar Birnin Kebbi, asibitin Sir Yahaya ko asibitin tarayya, in abin ya yi tsanani kuma Sakkwato, ko asibitin ido na ECWA a Kano, ko cibiyar ido ta ƙasa a Kaduna. Kuɗin mota, abinci, ɗan rakiya, da wunin gona da aka rasa, duk kafin a yanki kati. Ƙwararrun ma ba su da yawa a Arewa, domin shekaru da dama jami'o'in Kudu ne ke koyar da ilimin auna ido, irin su Benin da Abiya da Imo, kafin Jami'ar Bayero ta buɗe nata sashen. Wanda ya gama kuma birni yake nema.

Sai ruɗanin suna. A bakinmu duk wanda ya leƙa ido da tocila "likitan ido" ne, alhali aikin hawa-hawa ne. Akwai likitan da ya karanci likitanci sannan ya ƙware a ido, shi ke fiɗa, rajistarsa tana hannun majalisar likitoci ta MDCN. Akwai masanin auna ido, mai karatun shekara 6, wanda ke gwada gani, ya rubuta lambar gilashi, ya gano cuta ya tura gaba. Akwai mai yanka gilashi ya ɗaura shi a firam bisa abin da aka rubuta. Waɗannan biyun hukumar ODORBN ce ke musu rajista, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 34 ta 1989, kuma lasisin aikinsu duk shekara ake sabuntawa. Akwai kuma nas ɗin ido, waɗanda a asibitocin karkara su ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin. Mai tire ba ya cikin ko ɗaya. Haka wanda ya sayi na'ura ya sa farar riga ya kama shago.

Tantancewa ba wuya gare ta ba, kunya ce ke hana ta. Lasisin bana ya kamata a gan shi a bango, da suna da lambar rajista. Amma dattijo zai ga rashin ladabi ne ya ce wa mai farar riga, "Likita, ina takardarka?" Ko bai tambaya ba, aikin kan nuna mai shi: ƙwararre zai gwada kowane ido daban, ya auna ƙarfin ruwan cikinsa, ya haska ya dubi jijiyar baya, ya tambayi ciwon suga da hawan jini, sannan ya ba ka lambarka a rubuce ka je duk inda ka ga dama. Wanda ya fara da nuna maka firam ɗan kasuwa ne.

Inshora ce ya kamata ta sauƙaƙa wannan duka, tunda ba ta biyan asibitin da ba ta tantance ba. Dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, kuma Kebbi na da hukumarta, KECHEMA. Sai dai tsarin ya fi kama mai albashi, wanda ake cire masa daga tushe. Manomin shinkafa da mai sayar da albasa kuɗinsu na kaka ne, ba na wata-wata ba. Mai katin inshorar ma ba ya tashi kai tsaye ya tafi wurin mai auna ido: sai asibitin da ya yi rajista ya ba shi takardar turawa, sai an samu izini, sai kuma in can ɗin suna cikin tsarin. Gwaji na iya shiga, gilashi mai tsada kuwa daga aljihu. Shi ya sa tambaya tun kafin a hau mota ta fi gardama a bakin tagar biya.

A ganina, tabarau na kasuwa ba shi ne abokin gaba ba. Ga wanda tsufa kawai ya taɓa, yana aiki, yana maido wa tela sana'arsa. Illarsa ita ce yana kawar da dalilin da zai kai ɗan shekara 45 gaban mai gwaji, a daidai shekarun da hawan jinin ido ke fara ɓarna. Wannan cuta ba ta ciwo a farko. Daga gefe take cin gani, ta bar tsakiya, don haka mutum na karatu lafiya da gilashinsa yana cewa alhamdulillahi, jijiya na mutuwa. Abin da ta ci ba ya dawowa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano kashi 4.2 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, yanar ido ce ke kan gaba, hawan jinin ido na biye, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na makantar ana iya kauce mata ko magance ta. Binciken ya kuma nuna kusan rabin idanun da aka yi wa aikin yana, masu ture ta na gargajiya ne suka taɓa su, kuma sakamakon ba kyau. Ƙara da maganin ɗigawa na kemis da ake saye don jan ido ko ƙaiƙayi. Wasu na ɗauke da sinadarin da ke ɗaga ƙarfin ruwan ido in an daɗe ana sawa.

Aikin ido na kyauta da gwamnati da ƙungiyoyi irin su Sightsavers da 'yan siyasa kan kawo ya buɗe wa mutane da yawa ido, musamman masu yana. Amma ya koya wa jama'a jira. Yana na iya jiran masu kyauta su dawo baɗi. Hawan jinin ido kuwa magani yake so kullum da awo a kai a kai, abin da tawagar kwana uku ba za ta iya bayarwa ba. Wannan aikin mai gwaji ne da ke zaune a babban asibitin Maiyama ko na Jega, da na'urar awo mai aiki, wanda katin KECHEMA zai biya, kuma ma'aikatan asibitin Andarai su san ranar da za su tura masa mutum.