Cutar da ke share 'ya'yan kyanwa ɗaya bayan ɗaya

Idan 'ya'yan kyanwa suka fara mutuwa a jere cikin gida, maganin ɓera ake fara zargi. Wani lokaci zargin gaskiya ne. Amma idan ɗaya ya mutu yau, wani ya bi shi bayan kwana uku, na uku kuma yana durƙushe gaban kwanon ruwa ya sunkuyar da kai ya kasa sha, alhali uwarsu da muzurun gidan suna lafiya ƙalau, likitan dabbobi zai fi karkata ga cutar fanlukofeniya.

Bairas ne daga dangin farbo, ɗan'uwan wanda ya ɓulla a karnuka a 1978. Ba ya kama mutum. Inda jiki ke saurin ƙera sababbin ƙwayoyin halitta nan yake nufa, wato ɓargo da bangon hanji. A ɓargo yana tsayar da samar da fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. A hanji kuma yana saɓule shimfiɗar ciki, sai amai da gudawa su biyo baya, ƙwayoyin cutar da ke zaune a hanji su sami hanyar kutsawa cikin jini a lokacin da babu mai tare su. Rashin ruwa a jiki da wannan kutsen su ne ke kisa. Alamu kan bayyana kwana 2 zuwa 7 bayan kamuwa, kuma ƙananan da ba a yi wa jinya ba, mafi yawansu ba sa tashi.

Me ya sa manya ke tsira? Yawancinsu sun taɓa haɗuwa da cutar sun warke, wanda ya warke kuwa ya sami kariya mai ɗorewa. Uwa na ba 'ya'yanta wannan kariya ta dakashi, amma aro ce, tana raguwa mako bayan mako. Akwai lokacin da ta yi rauni har ba ta iya tare cuta, amma da sauran ƙarfin da za ta lalata allurar rigakafi. Shi ya sa allura ɗaya ba ta wadatarwa: ana farawa a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 2 zuwa 4 har su kai mako 16. Kyanwa mai ciki ba a yi mata irin allurar da ke ɗauke da bairas mai rai, domin yana iya taɓa ƙwaƙwalwar 'ya'yan, a haife su suna tangaɗi.

Wahalar gida mai maguna da yawa ita ce bairas ɗin ya fi daɗewa a ƙasa fiye da cikin jikin kyanwa. Yana fita ta kashi da amai, ya zauna a daɓe ko tsumma har shekara guda. Takalmi na ɗaukarsa, hannu na ɗaukarsa, tsintsiya ma haka. Saboda haka killace marar lafiya a ɗaki ba ya da amfani idan kwano ɗaya ne, mai shara ɗaya ne. A ba shi kwanonsa da wurin bahayarsa, a riƙa hidimar masu lafiya tukuna, shi a ƙarshe. Waɗanda suka kwana tare da shi a ɗauka sun riga sun kamu, a ware su daban a sa musu ido na mako biyu. Kada a kyautar da ko ɗaya a wannan lokaci, ko da maƙwabta sun riga sun kama suna.

Wajen tsabtace wurin ne mutane da yawa ke kuskure, su ɗauko Dettol ko Izal don ƙamshinsu na asibiti. Ba sa kashe wannan bairas, ga shi kuma guba ne ga kyanwa mai lasar ƙafafunta. Bilic ne ke aiki: mai ƙarfin 5 cikin 100, kofi 1 a kofi 32 na ruwa, idan ƙarfinsa bai kai haka ba a rage ruwan. Sai an fara wanke ƙazanta da sabulu, sannan a zuba, a bar shi minti 10, a ɗauraye. Kwali da tabarma da tsumma a ƙone su. Tsakar gida mai turɓaya kuwa ba ta wankuwa, don haka duk sabuwar kyanwa sai ta kammala alluranta kafin ta taka wurin.

Babu maganin da ke kashe bairas ɗin a cikin jiki. Aikin likita shi ne ya riƙe ran ɗan kyanwa da ƙarin ruwa, da maganin amai, da na ƙwayoyin da suka kutsa jini, da abinci kaɗan-kaɗan da zarar amai ya lafa, har ɓargo ya farfaɗo. Wanda ya haye kwana biyar na farko yakan tashi. Farasitamol kuwa, ko ɓallin ƙwaya ɗaya, yana iya kashe kyanwa. Wanda ya warke zai iya ci gaba da fitar da bairas har mako 6, sai bayan nan a yi masa wanka a mayar da shi cikin 'yan'uwansa.