Zikirin da Zuciya Ke Yi da Kanta

'Yar uwa, kin taɓa farkawa cikin dare kika ji zuciyarki tana ta istigfari, alhali bakinki a rufe, carbi na rataye? Kada ki tsorata. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111 miladiyya, ya bayyana matakan zikiri: da fari harshe kaɗai ke yi, sannan zuciya ta shigo da ƙyar, daga baya ta riƙe shi gam. Kamar daka ne, uwargida: ranar farko hankalinki na kan taɓarya, yau kuwa hannu na yi kina hira. To, zaɓi lafazi ɗaya ki lazimce shi, ko kina tsintar shinkafa. Ranar da harshe ya yi nauyi, a ciwo ko naƙuda, zuciya ba za ta yi shiru ba.