Manyan kuɗi kafin shekara 40: Wace hanya ce mai ɓullewa ga ɗan Illo?

Tun watan Yulin 2024, mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne a wata, wato naira 840,000 a shekara. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya idan ya yi shekara 35 yana aiki ko ya cika shekara 60 da haihuwa. Da mutum zai tsaya a kan wannan albashi tun daga ranar farko har ta ƙarshe, bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, abin da zai tara shi ne naira miliyan 29 da dubu 400. Gaskiya ne albashi yana ƙaruwa, kuma mai digiri yana farawa ne daga mataki na 8. Duk da haka lissafin yana nuna mana cewa albashi yana riƙe gida da mutunci, amma da wuya shi kaɗai ya mai da mutum attajiri.

To, ɗalibin da ke ajin ƙarshe na sakandare a Illo ko Lolo ko Tsamiya ko cikin garin Bagudo, wanda ke burin samun manyan kuɗi ta halal, ina zai dosa? Kafin a jero ayyuka, gara a fara sanin dalilin da ke sa a biya wani da tsada a bar wani.

Abu uku da ke kawo kuɗi

Na farko, ƙarancin masu iyawa. Kowa na iya sayar da katin waya, shi ya sa ribarsa ba ta da yawa. Masu iya yi wa ido tiyata kuwa ƙalilan ne. Na biyu, girman kasuwa. Mai sayar wa unguwa ɗaya yana da iyaka, mai sayar wa ƙasashe biyu iyakarsa ta fi nisa. Na uku, mallaka. Direban tirela yana karɓar kuɗin wata, mai tirelar yana karɓar riba. Duk hanyar da aka nuna maka, ka auna ta da waɗannan ukun, sannan ka tambayi shekarun da za ta ci kafin ta fara biya.

Hanyar dogon karatu

Likitanci shi ne burin da aka fi ji a bakin ɗaliban kimiyya. Ga lissafinsa: shekara 6 a jami'a irin ta Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, shekara ɗaya ta horo a asibiti, shekara ɗaya ta bautar ƙasa, sannan kusan shekara 5 ko 6 na neman ƙwarewa a wani fanni. Wanda ya shiga yana da shekara 18 zai zama ƙwararren likita ne bayan ya haura 30, shi ma idan babu cikas. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas.

Sabon likita yana samun rufin asiri, amma manyan kuɗin suna wajen ƙwararru masu asibitin kansu da waɗanda suka tafi Ingila ko Saudiyya. Tafiyar ma tana da nata kuɗin da jarrabawa, kamar PLAB da gwajin Turanci na IELTS ga mai son Ingila. Haka abin yake a aikin lauya, inda ake shekara 5 a jami'a da shekara ɗaya a makarantar horar da lauyoyi, da aikin akanta, inda jarrabawar ICAN ke bambanta mai digiri kawai da wanda manyan kamfanoni ke nema. Aikin jinya da ungozoma ya fi gajarta, kuma ana neman masu shi a gida da waje. Ya kamata 'yan uwana mata su dube shi da idon basira, musamman ganin yadda asibitocin karkara ke ƙarancin ma'aikata mata.

Wannan hanya tana ɓullewa, amma ƙofarta ƙarama ce. Dole ka ci darussa biyar da kyau a WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi, kuma ka samu maki mai yawa a JAMB. Ga wanda kuɗin makaranta ke tsoratarwa, asusun bashin ɗalibai na NELFUND ya fara aiki a 2024 don ɗaliban manyan makarantun gwamnati.

Aikin kwamfuta da biyan dala

Tun da aka saki naira a kasuwa a watan Yunin 2023, darajar dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa kusan naira 1,500 a tsakiyar 2025. Ma'ana, matashin da kamfanin waje ke biyan dala 1,000 a wata don rubuta manhaja yana karɓar kusan naira miliyan ɗaya da rabi a farashin tsakiyar 2025. Wannan ne ke jan hankalin matasa zuwa koyon rubuta manhaja da nazarin bayanai da tsaron intanet. Gwamnatin Tarayya ma ta ƙaddamar da shirin 3MTT a ƙarshen 2023 don horar da matasa a waɗannan fannoni.

Sai dai masu tallar kwas na wata uku ba sa faɗa maka cewa takararka da 'yan Indiya da Kenya da Masar ne, ba da 'yan ajinku kaɗai ba. Kana bukatar kwamfuta mai kyau, wutar da ba ta yankewa, intanet mai ƙarfi, Turanci mai kyau, da shekaru kana yin ƙananan ayyuka kafin wani ya yarda da kai. A garin da wuta da sabis ke wahala, kuɗin sola da na data suna cikin jarin. Wanda ke da sha'awa ya fara tun yana makaranta, ko a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko ta kimiyya da fasaha da ke Aliero ko kwalejin Waziri Umaru, ya riƙa tara ayyukan da zai nuna. A wannan fage aikin hannunka ake fara dubawa kafin takardarka.

Shinkafar da muke rainawa

Da yawa daga cikinmu muna karatu ne don mu tsere wa gona. Amma a Jihar Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamban 2015. A 2016 aka fito da shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Kebbi da Legas. A 2017 aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, ga kuma Labana a Birnin Kebbi. Masu kuɗi ba su zuba jarinsu a nan don nishaɗi ba. Fadamun Kogin Kwara da suka ratsa ƙasar Bagudo suna cikin dukiyar da suka hango.

Tambayar ita ce a wane mataki kuɗin yake taruwa. Mai ƙaramar gona yakan sayar da shanshera da kaka, lokacin da farashi ke ƙasa, saboda bashi na jiransa. Wanda ke da sito yana saye a lokacin, ya ajiye, ya sayar bayan watanni. Mai injin casa yana fitar da kusan kilo 60 zuwa 65 na tsabar shinkafa daga kilo 100 na shanshera, ya kuma sayar da dusa. Akwai mai ba da hayar injin girbi, da mai haɗa famfon ban-ruwa mai aiki da sola, da mai sayar da ingantaccen iri, da mai motar dako. Duk waɗannan guraben suna bukatar mai ilimin lissafi da injina da adana bayanai. Wanda ya karanta aikin gona ko injiniyanci ya dawo gida da wannan ilimi yana da fifiko a kan baƙon da bai san fadamar ba.

Hatsarin ma a fili yake. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi. A 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na wani lokaci, daga baya farashin shinkafa ya sauka, manoma da masu casa suka koka. Mai shiga wannan harka dole ya iya jure shekarar asara, kuma kada ya zuba duk jarinsa a kaka ɗaya.

Iyaka: arzikin da ke bakin ƙofa

Tun zamanin da, Illo na cikin ƙasar Bargu tare da Busa da Nikki, kuma ayarin fataken goro masu zuwa Gwanja suna ƙetare Kwara ta wannan yanki. Ciniki tsakanin ƙasashe ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaron da ya tashi a nan yakan ji Hausa da Dandanci ko Zabarmanci, wani ma har da Fulatanci, yana kuma iya lissafin sefa da naira a ka. Abin da ya rage masa shi ne Faransanci na rubutu da sanin doka.

Jamhuriyar Benin da Najeriya duk suna cikin ƙungiyar ECOWAS, wadda ke da tsarin sassauta haraji kan kayan da aka samar a cikin yankin. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, AfCFTA, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2021. Sefa kuma a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 kan yuro ɗaya, don haka mai sayar da kaya a Malanbil ko Kandi ko Paraku yana karɓar kuɗin da ba sa tangal-tangal kamar naira. Mai son yin wannan harka a fili zai yi wa kamfaninsa rajista da hukumar CAC, ya yi rajistar fitar da kaya da hukumar NEPC, ko ya nemi lasisin wakilcin fito da kaya daga Hukumar Kwastam. Manyan 'yan kasuwa masu jigila daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano suna bukatar amintattun matasa masu iya cika takardu da harsuna biyu.

Faransanci yana buɗe wata ƙofar kuma. Hedikwatar ECOWAS tana Abuja, Bankin Raya Afirka yana Abijan, kuma duka biyun suna aiki da Turanci da Faransanci. Akwai cibiyar koyon Faransanci ta gwamnati a Badagry, akwai Alliance Française a Kano mai shirya jarrabawar DELF. Ɗan Legas zai biya kuɗi ya koyi harshen a aji, ɗan Lolo kuwa yana da masu yin hira da shi a tsallaken iyaka.

Gajerun hanyoyi masu dogon ciwo

Ba za a yi maganar kuɗi a bakin iyaka a tsallake fasa-ƙwauri ba, domin yara suna ganin sa'o'insu sun sayi sabon babur daga dakon jarkoki da buhuna. Amma a duba tarihin shekarun nan. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗe wasu ba sai Disamban 2020. A Nuwamban 2019 aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, ribar fitar da fetur ta ragu. Sana'ar da sanarwa ɗaya daga Abuja ke iya rusawa ba abin gina rayuwa a kai ba ce. Ga kamun kwastam, ga haɗarin hanya da na kogi. Kuma yaron da ke kan babur ladan dako kawai yake samu, ribar tana aljihun mai kaya.

Haka nan tsare-tsaren ninka kuɗi ta waya. MMM ya durƙushe a Disamban 2016, CBEX ya bi sahu a Afrilun 2025, dukansu da kuɗin jama'a. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata ɗaya, tambaye shi abin da yake sayarwa. Idan amsar ita ce ka kawo wasu mutane, kuɗinka ne hajar. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Shekara nawa attajirai suka yi?

Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya fara ne da fataucin goro kafin ya shiga sayen gyaɗa. Aliko Ɗangote ya fara kasuwanci a 1977, matatar mansa kuwa sai a 2023 aka ƙaddamar da ita, bayan shekara 46. Abdussamad Isyaka Rabi'u ya kafa BUA a 1988 da shigo da kaya irin su shinkafa da ƙarafa, daga baya ya koma sarrafawa, har da siminti a Sakkwato. Dukansu daga saye da sayarwa suka fara, suka juya riba cikin harka. Amma a faɗi gaskiya, Ɗangote da Abdussamad sun fito ne daga gidajen kasuwanci masu jari. Irinsu ƙalilan ne a cikin mutum fiye da miliyan 200, kuma wanda ya ce maka kowa zai kai can yaudararka yake yi.

Abin da ɗan talaka daga Illo zai iya sa wa a gaba shi ne ya kai shekara 35 ko 40 yana da ƙwarewar da ake nema, da harka tasa ta kansa mai ɗaukar ma'aikata, da kuɗin shiga da ya ninka albashin ofis sau da yawa. Wannan ba mafarki ba ne, sai dai yakan ci shekara 10 zuwa 15 na aiki.

Daga ina za a fara?

Idan kana sakandare, ka riƙe Lissafi da Turanci da hannu biyu, domin babu hanya ɗaya a cikin waɗanda aka lissafa da ba ta bukatarsu. Kada ka gudu daga ajin Faransanci idan makarantarku na da shi. Lokacin hutu, ka nemi mai injin casa ko mai sito ko mai haɗa sola ka yi masa aiki ko da kyauta ne, ka lura da yadda yake saye da yadda yake sayarwa. Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta duk nairar da ta shigo da wadda ta fita. Kafin ka cika fom ɗin JAMB, ka nemi mutum biyu masu yin aikin da kake so, ka tambaye su shekarun da suka yi kafin ya fara biyansu. Amsarsu za ta fi maka amfani fiye da hoton motar da ka gani a TikTok.